Kalmar Wannan Wata: Noose, Igiyar Da Ke Matsewa In An Ja

 A wannan fili namu na kalmomin Turanci, mukan ɗauki kalma guda mu juya ta ciki da bai, har mu san inda za mu taka da inda za mu kauce.

Kalmar wannan wata ta zo mana ne daga wani ɗalibi ɗan Hawata wanda ke karatu a nan Gadarif. Ya ce tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023 yake sauraron labarai da Turanci don ya ƙara kaifin kunne, kuma sau da yawa yakan ji ana cewa the noose is tightening in ana maganar garin da aka yi wa ƙawanya. Ya duba ƙamus, ƙamus ya ce masa igiya. To, ina ruwan igiya da yaƙi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta wuce yadda ya zata, domin wannan kalma tana da nauyi a wuraren da 'ya'yanmu da yawa suke zaune yanzu.

Bari mu fara da furuci, don nan ne tuntuɓen farko. Ana rubuta ta n-o-o-s-e, ana kuwa faɗinta nuus, da wasali dogo, ƙarshenta kuma s ce sak, irin ta sanyi. In ka kuskura ka mai da ƙarshen z, to ka kama hanyar wata kalma, watau news, labarai. In ka ce noz, ka koma nose, watau hanci. Mun taɓa jin wani yaro yana so ya ce ya kawo wa malaminsa labari mai daɗi, sai harshensa ya kawo masa igiyar rataya. Malamin ya yi dariya don ya san abin da ake nufi. Ba kowa ne zai yi dariya ba.

Sai ma'ana. Ƙamus bai yi ƙarya ba, amma ya gajarta. Igiya kawai a Turanci rope ce. Ƙulli kuwa knot. Ita noose igiya ce wadda aka yi wa ɗan ido a baki ɗaya, aka zura ɗaya bakin a ciki, ta yadda za ta zama da'ira mai zamewa. Hausa tana da sunanta tsaf: zarge. Larabci na cewa unshuɗa. Masana asalin kalmomi suna danganta ta da kalmar Latin nodus, watau ƙulli, wadda ake jin ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarni na 15.

Abin da ya raba zarge da sauran ɗauri shi ne abin da muke so mai karatu ya riƙe, don duk sauran bayanin a kansa ya ginu. Ɗaurin turke yana tsare dabba wuri ɗaya, amma ba ya ƙaruwa. Dabaibayi yana rage wa jaki taku, amma yadda ka ɗaura shi da safe haka za ka same shi da yamma. Akala ta jan raƙumi ce, ragama ta doki. Shi zarge kuwa ƙarfinsa daga wanda aka zarga yake fitowa. Duk yadda akuya ta fizga, haka yake ƙara shiga wuyanta. Shi ya sa tsofaffinmu ba su yarda yaro ya ɗaure tunkiya da zarge ya tafi ya bar ta ba, sai ya yi ƙullin da ba ya zamewa. Wanda ya yi kiwo ya san asarar da ake yi ta wannan hanya. Haka kuma tarkon da yara ke ɗana wa zabi da kurciya a bakin gona: tsuntsun da kansa yake ja har ya kama kansa.

To, a Turanci kalmar tana da amfani iri uku, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne na makiyaya da maharba, watau zargen kama dabba. Wannan ma'ana tana nan, amma ba ita ce ke fara zuwa zuciyar Bature ba. In yana nufin igiyar da makiyayan Amurka ke wurgawa su kama saniya, ya fi cewa lasso. In tarko ne, ya ce snare.

Na biyu, wanda shi ne ya rinjaya, igiyar rataya ce, abin da muke ji a Larabci da sunan hablul mashnaƙa. In Bature ya ce noose bai ƙara komai ba, to kisa yake nufi. A nan akwai wata ƙa'ida da ɗalibai ke yawan faɗuwa a kanta. Aikatau hang yana da siga biyu in abin ya wuce. Riga ko hoto ko guga, hung ake cewa. Mutumin da aka zartar wa hukunci kuwa hanged. Ita kuma ma'ajiyar katakon da ake ɗaura igiyar, gallows ce, watau mashnaƙa kanta.

Mu a Sudan ba baƙi ba ne ga wannan ma'ana. A watan Mayu 1908 gwamnatin Turawa ta rataye Abdulƙadir Wad Habuba a bainar jama'a a kasuwa, a ƙasar Halawin ta Jazira, bayan tawayen da ya yi da sunan Mahadiyya. Wannan ya faru ne shekara biyar kacal bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, sauran jama'arsa kuma suka ci gaba da hijira gabas har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin Shuɗin Nilu. Watau kakannin wasunmu suna sabon zama a ƙasar nan lokacin. A watan Yuli 1971, bayan juyin mulkin Hashim al-Aɗa ya ci tura, an rataye Abdulhaliƙ Mahjub da Shafi'u Ahmad al-Shaikh da Joseph Garang a kurkukun Kobar. A ranar 18 ga Janairu 1985, a wannan kurkuku dai, aka rataye Mahmud Muhammad Ɗaha yana dattijo mai shekara saba'in da 'yan kai. Ba mu shiga batun aƙidarsa a wannan fili. Abin da tarihi ya rubuta shi ne, kafin wata uku su cika gwamnatin Numairi ta faɗi, a 1986 kuma kotun ƙoli ta soke hukuncin. A watan Disamba 1989 aka rataye Majdi Mahjub saboda an same shi da kuɗin ƙasashen waje, sa'an nan a 1992 gwamnati ta saki harkar tattalin arziki, abin da ya ci ransa ya zama ciniki a fili. Hukunci ana iya soke shi a takarda, amma igiya ba ta mai da abin da ta ɗauka.

A Nijeriya ma haka ne. A ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da mutum takwas 'yan ƙabilar Ogoni a Fatakwal, abin da ya jawo aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Ita Ingila, wadda ta yaɗa wannan hukunci a ƙasashen da ta mallaka, ta yi ratayarta ta ƙarshe a ranar 13 ga Agusta 1964, ta dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai a 1965, ta tabbatar da sokewar a 1969. Saboda haka ga Baturen Ingila na yau, kalmar ta fi zama ta littattafan tarihi da ta karin magana.

Amma fa a Amurka labarin ya sha bamban, kuma nan ne muke so iyayen da ke da yara a can su buɗe kunne. A can, wannan igiya alama ce ta kisan gilla da gungun mutane suka riƙa yi ba tare da shari'a ba, galibi a kan baƙar fata, a jihohin kudu. Cibiyar Tuskegee ta ƙidaya mutum 4,743 da aka kashe ta irin wannan hanya tsakanin 1882 da 1968, daga cikinsu 3,446 baƙaƙe ne. Da yawa a kan itace aka rataye su, jama'a na kallo, har ana ɗaukar hoto. Don haka in aka rataya zarge a ƙofar wani ko a wurin aikinsa, ko da babu kalma ɗaya a rubuce, kowa ya san barazana ce. A 2006, a garin Jena na jihar Luwiziyana, an wayi gari da irin waɗannan igiyoyi a kan itacen wata makarantar sakandare, rikicin da ya biyo baya kuma ya kai ga gagarumar zanga-zanga a 2007. A watan Janairu 2008 mujallar Golfweek ta sa hoton zarge a bangonta, cikin 'yan kwanaki editan ya rasa aikinsa. A wannan shekara jihar Niyok ta mai da nuna shi don tsorata mutum babban laifi. A 2022 kuma Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da aka sa wa sunan Emmett Till, wadda ta mai da irin wancan kisa laifin ƙiyayya a dokar tarayya.

Ka ga ke nan yaron da ya tashi a Gadarif, wanda tun yana ɗan shekara bakwai ya iya zarge don kama ɗan akuya, in ya je can ya ƙulla shi a wurin aiki don wasa, ko ya zana shi a littafin makaranta, ko ya yi barkwanci da sunansa, zai iya samun kansa gaban hukuma bai san hawa ba bai san sauka ba. Baƙar fatarsa ba za ta zame masa uzuri nan take ba, kuma waɗanda zai fi ɓata wa rai su ne maƙwabtansa baƙaƙe. Hausawa sun ce baki shi kan yanka wuya. A gaya musu tun kafin su hau jirgi.

Amfani na uku shi ne na kwatance, kuma shi ne amsar ɗalibinmu. In aka ce the noose is tightening, ana nufin hanyoyin tsira suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Larabcin jarida yana da kwatankwacinsa, tadyiƙul hinaƙ. Da Hausa sai mu ce ƙawanya tana ƙara tsukewa, ko an rutsa da shi, ko an shaƙe shi. Haka aka riƙa kwatanta halin Fashir, garin da alhazanmu na dā suka riƙa yada zango a cikinsa a hanyar Makka, tun daga watan Mayu 2024 da aka kewaye shi har ƙarshen Oktoba 2025 da ya faɗi. Ana faɗin haka kuma ga ɓarawon da 'yan sanda suka kusa cimma, ko ga ƙasar da aka ɗora wa takunkumi. In aka ce wani ya put his head in a noose, ana nufin ya kai kansa mahalaka da ƙafarsa. In aka ce abu ya zama a noose around his neck, to nauyi ne wanda ba ya sakinsa, kullum ƙaruwa yake.

Wani gargaɗi ga masu fassara. Mu muna cewa ɗaurin aure, muna cewa igiyar aure, har mu ce saura igiya biyu ko igiya ɗaya. Kada wani ya rubuta wa aboki takardar murna ya fassara igiyar aure da noose. Turawa na dā sun yi amfani da kalmar ga aure, amma da zolaya, watau ango ya shiga tarko. Abin da suke faɗa na alheri shi ne tie the knot. Ƙulli ne, ba zarge ba, kuma bambancin ya isa ya ɓata zumunci.

Yanzu bari mu dawo gida, domin akwai zargen da ya fi kusa da wuyanmu fiye da na Kobar ko na Amurka, kuma Turawa suna kiransa da wannan kalma dai: the noose of debt, zargen bashi.

Kowa ya san Gadarif da dawa da riɗi. Tun wajen 1945 da aka fara noman inji a Gadambaliya, ƙasar nan ta zama rumbun Sudan, kuma gumin Hausawa yana cikin wannan rumbu, daga masu 'yan gonaki a bakin kogin Rahad har masu ƙwadago a manyan gonaki. Amma noman damina yana cin kuɗi kafin ya ba da kuɗi. Iri, man tarakta, noman ciyawa, sa'an nan yankan riɗi, wanda ba ya jira: in ya nuna ba ka samu masu yanka cikin 'yan kwanaki ba, sai kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa kana kallo. A daidai wannan matsi ne mai kuɗi ke zuwa.

Tsohuwar hanya ita ce shel. Ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi ko hatsi ko kayan shago a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan za ka biya shi da buhunan amfanin gona a kaka, a farashin da aka yanka tun yanzu, wanda ya gaza na kasuwa nesa ba kusa ba. In damina ta yi kyau, ka biya, amma abin da ya rage maka ba zai kai ka wata damina ba, sai ka koma wurinsa. In damina ta ƙi, bashin ya tsallaka baɗi da ƙari. Ka lura da kamanninsa da abin da muka faɗa a farko? Ƙoƙarin da kake yi na fita, watau sabon rance don biyan tsoho, shi ne jan da ke ƙara matse igiyar. Ranar karɓa kuwa ba ka jin komai a wuya. Talala ce, mai kamar sake.

A farkon shekarun 1990 bankuna suka rungumi cinikin salam don ba manoma jari: banki ya biya kuɗin amfanin gona tun da shuka, manomi ya kawo buhuna a kaka. Salam ciniki ne da shari'a ta halatta, ba mu da ja a kan haka. Sai dai a waɗannan shekaru hauhawar farashi ta wuce kashi 100 cikin 100 a shekara, don haka farashin da aka yanka a watan Yuli yakan zama abin dariya a watan Janairu. Daga baya aka shigo da sharaɗin izalatul gubni don rage wannan zalunci. Amma babban haɗarin yana wani wuri. Ana karɓar cek daga manomi a matsayin jingina, sashe na 179 na dokar laifuffuka ta 1991 kuwa ya mai da cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi. Ta haka bashin gona ya zama shari'ar laifi, manoma da dama a jihar nan suka kwana a kurkuku a ƙarƙashin hukuncin nan da kowa ya haddace, yabƙa ila hinis sadad, watau ya zauna har sai ya biya. Mutumin da ke tsare kuwa ba ya shuka, wanda bai shuka ba da me zai biya?

Ba muna cewa a daina cin bashi ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma bayan abin da yaƙi ya yi wa kasuwanni da darajar kuɗi, da gidaje da yawa da suka karɓi 'yan'uwa daga Hartum da Madani, mutane ƙalilan ne za su iya shuka da aljihunsu kaɗai. Abin da muke cewa shi ne a bambance ƙulli da zarge kafin a sa wuya. Bashin da ke ƙulli, ka san adadinsa, ka san ranar biyansa, ka san abin da zai faru in ruwa ya ɗauke, kuma ba ya girma yana kwance. Bashin da ke zarge kuwa ana gane shi da alamu: an ce ka sa hannu a cek ba a rubuta adadi ba, an ce ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba, kuma an hana ka kai ta a karanta maka, ba a faɗi abin da za a yi in damina ta ƙi ba, ko kuma kana karɓarsa ne don ka toshe wani bashin. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Addininmu ma bai bar mu cikin duhu ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Aya ta 280 kuma tana umurtar mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ta farko kariya ce ga mai ci, ta biyu tunatarwa ce ga mai bayarwa. Attajiranmu da ke ba da shel ga 'yan'uwansu su tuna cewa bakin igiyar a hannunsu yake.

Wata dabara ta makiyaya za mu rufe da ita. In akuya ta shiga zarge tana shure-shure, makiyayi ba ya jan igiya, ba ya kuma tsayawa nesa yana ihu. Matsowa yake yi kusa da ita don igiyar ta yi sako-sako, sa'an nan ya sa yatsa ya sassauta. Wanda bashi ya shaƙe, gudu da ɓuya ba su ƙara masa komai sai matsi. Ya tafi wurin mai kuɗin tun kafin ranar biya, da dattijo ko limami a gefensa, a zauna a sake lissafi a rubuta.

Ga aikin gida ga ɗalibai. A fassara waɗannan jimloli uku zuwa Hausa mai daɗin ji, ba kalma da kalma ba. Ta ɗaya: The noose is tightening around the thieves. Ta biyu: By signing that paper he put his head in a noose. Ta uku: The loan became a noose around his neck. A kuma rubuta mana bambancin hanged da hung da misali ɗaya-ɗaya. Za mu buga amsoshin da suka fi kyau.

Ga ɗalibinmu na Hawata, muna fata tambayarka ta samu amsa. Allah ya kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya warware wa duk wanda ke cikin ƙunci. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.